Me ya sa masoya ba sa zama lafiya a shirin The L Word?

Wata ɗaliba mai koyon rubutun fim ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, an ba mu aikin nazarin shirye-shirye masu dogon zango na ƙasashen waje, ni kuma aka haɗa ni da The L Word, wanda ke ba da labarin wasu mata 'yan maɗigo a Amurka. Na kalli zango shida cif, ban ga soyayya ɗaya da ta zauna lafiya ba. Yau a shirya, gobe a ɓata. Shin marubutan so suke su nuna cewa irin wannan tarayya ba ta ɗorewa, ko kuwa rashin iya rubutu ne kawai?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, domin kallon kashi 70 da idon nazari ba ƙaramin aiki ba ne. Matsayin addininmu da al'adarmu da dokar ƙasarmu a kan wannan rayuwa sananne ne, ke ma kin san shi, kuma ba shi kika tambaye ni ba. Tambayarki ta sana'a ce, don haka da bakin sana'a zan amsa miki.

Zatonki na farko bai tsaya ba. Ilene Chaiken, wadda ta jagoranci ƙirƙirar shirin kuma ta riƙe ragamarsa daga farko har ƙarshe, ita kanta cikin waɗannan matan take, kuma labarin mutanenta ta fito ta bayar. Ba za ta shafe shekaru tana rubutu don ta ce rayuwarsu ba ta da makoma ba. Zatonki na biyu kuwa yana da ƙanshin gaskiya, amma a wasu wurare ne kawai. A cikin shirin nan akwai rabuwar da zan iya koyar da aji guda da ita, akwai kuma wadda aka yi ta don kawai an rasa abin da za a cika zango da shi. Abin da nake so ki fita da shi daga wannan aiki shi ne iya bambance su.

Fara da duba cikin da ake ciyarwa. Tashar Showtime ta fara nuna shirin a watan Janairun 2004, ta rufe shi a watan Maris na 2009. Zango shida, kowane kashi kusan awa guda. Shirin 'yan sanda yana samun sabuwar gawa kowane mako, shirin asibiti yana samun sabon majinyaci, na kotu yana samun sabuwar shari'a. Wannan kuwa ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi ƙawaye ne 'yan kaɗan a garin West Hollywood da ke maƙwabtaka da birnin Los Angeles, da gidan shan kofi guda mai suna The Planet inda suke haɗuwa kowace safiya. Itacen da za a hura wutar labari da shi bai wuce abin da ke tsakaninsu ba. In masoya biyu suka zauna lafiya, marubuci ya shiga uku, domin zaman lafiya daɗin yi gare shi, ba daɗin kallo ba. Masu shirya talabijin a Amurka sun daɗe da wannan tsoro, har suna buga misali da wani shiri na shekarun 1980 mai suna Moonlighting, wanda ake yawan cewa armashinsa ya ragu bayan jaruman biyu sun daina ja-in-ja sun amince da juna. Ko hakan ne ainihin abin da ya kashe shi ko a'a, tsoron ya zauna a zukatan marubuta. Ki lura da shirye-shiryenmu masu dogon zango ma, za ki ga da zarar an ɗaura aure sai kishiya ta ɓullo, ko tsohon saurayi ya dawo daga tafiya. Ciwon ɗaya ne.

Amma akwai abin da ya keɓanta da The L Word, kuma shi ne ya sa rabuwarsa ta fi zafi. Da'irar mutanen ƙarama ce ƙwarai. Kin ga allon nan da Alice 'yar jarida take zanawa, inda take rubuta sunaye tana ja musu layi, kowace da wadda ta taɓa yin soyayya da ita. Mutane suna ɗaukarsa abin dariya, alhali shi ne taswirar shirin gaba ɗaya. Yana gaya miki cewa a nan babu wadda za ta rabu da wata ta ɓace. Gobe da safe za su haɗu a teburi ɗaya, ƙawar wannan ita ce ƙawar waccan, wadda za ta maye gurbinki kuma wataƙila kin san ta tun tuni.

Kwatanta da yadda aure yake mutuwa a wurinmu. Mace ta yi yaji, ta tafi gidansu, a zo biko, iyaye su zauna, waliyyai su sa baki, in abin ya ƙi a yi saki, a yi idda, in da rabo a yi kome, in rikici ya yi tsanani a je gaban alƙali. Kowane mataki yana da sunansa da mutanensa, kuma kowanne yana rage wa ma'auratan nauyi. Matan wannan shiri ba su da ko ɗaya daga ciki. Da yawansu sun yi nisa da danginsu, wasu ma an juya musu baya. Ƙawayen nan su ne iyaye, su ne 'yan biko, su ne alƙalai, kuma su ɗin ne dai tsofaffin masoya. Shi ya sa duk ɓarakar da ta faru tsakanin mutum biyu sai ta girgiza teburin duka. Marubuci mai wayo ya san ya samu rijiyar da ba ta ƙafewa, kuma haɗarinta ke nan, domin mai irin wannan rijiya yakan manta da tsimi.

Bari mu zauna a kan Bette da Tina, domin su ne ginshiƙin gidan, kuma rabuwarsu ta farko ita ce mafi kyawun abin da aka rubuta a shirin. Lokacin da muka fara ganinsu sun shekara bakwai tare, suna neman haihuwa, kuma tun a kashin farko suna zuwa wurin mai ba ma'aurata shawara. Wato ba a yaudare mu da cewa lafiya lau suke ba. Bette, wadda Jennifer Beals ta fito a matsayinta, shugabar gidan adana kayan fasaha ce, mace mai kaifin ƙwaƙwalwa da son a yi yadda ta ce. Tina ta ajiye aikinta a masana'antar fim don ta ɗauki ciki. Ki duba ƙananan abubuwan da aka shuka. Bette ce ta samo mutumin da zai ba da maniyyin da za a yi dashen cikin, baƙar fata kamar mahaifinta, ba tare da ta zauna sun tattauna wannan da Tina ba, alhali Tina ce za ta ɗauki cikin. Mahaifin Bette, wanda tsohon ɗan wasa Ossie Davis ya fito a matsayinsa, ba ya kiran Tina da sunanta na yanka sai da sunan gidansu, kamar baƙuwar da aka haɗu da ita a ofis, kuma Bette mai bakin magana a gaban kowa sai ta zama ƙaramar yarinya a gabansa. Sannan cikin ya zube. Kowacce ta ɗauki baƙin cikinta ta shiga ɗakinta da shi: Tina ta nutse cikin aikin sa kai, Bette ta nutse cikin rikicin wani baje kolin zane-zane da masu ra'ayin riƙau suka taso wa. A nan ne Candace, kafintar da ke aikin shirya wurin baje kolin, ta shigo.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin Bette ta ci amana, an nuna mana kusan zango guda na yadda mace mai son riƙe komai take jin komai yana kuɓuce mata, ga kuma gida da aka daina magana a cikinsa. Ba a wanke ta ba, amma an sa mun gane hanyar da ta bi ta kai can. Yadda asirin ya tonu kuma darasi ne a kansa. Babu wasiƙar da aka tsinta, babu magulmaciyar da ta kawo rahoto. A wurin buɗe baje kolin, cikin taron jama'a, Tina ta hango hannun Bette da na Candace sun ɗan taɓa juna na ɗan lokaci, ta ga irin kallon da ya biyo baya, shi ke nan ta gane. Wanda ya zauna da mutum shekara bakwai ba ya buƙatar shaida fiye da haka. Duk lokacin da ɗalibi ya kawo min rubutun da aka tona asiri ta hanyar waya da aka manta a kan kujera, wannan fitowar nake tura shi ya kalla.

Abin da ya biyo baya ma an yi shi da hankali. A zango na biyu Tina ta ɓoye sabon cikin da take ɗauke da shi, ta kuma shiga soyayya da Helena Peabody, wadda gidauniyar gidansu ce ke ba da irin kuɗin da wurin aikin Bette yake dogaro da su. Ƙarfi ya sauya hannu. A zango na uku kuwa an kifar da ƙwaryar gaba ɗaya: Bette ba ta da aiki, Tina ce mai kawo kuɗi gida, kuma sai muka ga Tina ta iya irin isar da aka yi mata a baya. Wannan ya gaya mana cewa matsalarsu tun asali ta wa ke da iko ce a cikin gida, cin amanar reshe ne kawai.

A nan ne doka ta shigo, kuma in ba ki san ta ba za ki ga kamar hauka Bette ta yi a ƙarshen zango na uku da ta ɗauki jaririya Angelica ta gudu da ita. A shekarar 2006 da aka nuna wannan zango, jihar Massachusetts ce kaɗai a Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya, tun 2004. Jihar Kalifoniya, inda labarin yake faruwa, ba ta buɗe ƙofar ba sai a tsakiyar 2008, aka sake rufe ta da ƙuri'ar jama'a a watan Nuwamban shekarar, kuma sai a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta shi a ƙasar baki ɗaya. Tina ce ta haifi yarinyar. Bette tana kan neman takardar riƙo ne, har ma'aikaciyar jin daɗin jama'a tana zuwa duba gidansu, sai ga Tina ta koma soyayya da wani namiji mai suna Henry. Ba aure, ba takarda, ba jini. Mace ta wayi gari tana iya rasa ɗiyar da ta raina tun ranar haihuwa. Wannan tsoro na gaske ne da mutane na gaske suka rayu da shi a wancan lokaci, kuma shi ne ya ba rabuwar nauyin da rikicin kishi kaɗai ba zai ba ta ba. Irin wannan ne ya riƙe labarin Alice da Tasha, wadda soja ce, daga baya, inda dokar sojan Amurka ta lokacin, wadda ta hana soja bayyana irin wannan rayuwa har zuwa 2011, ta zama tamkar mutum na uku a tsakaninsu.

Sai Shane da Carmen, wanda na san shi ne ya fi ƙona wa masu kallo rai. An tafi har Whistler a ƙasar Kanada don ɗaurin aure, saboda Kanada ta halatta shi tun 2005. Mahaifiyar Carmen, wadda ta yi fushi ta juya wa ɗiyarta baya, ta sauko ta zo da dangi. Amarya ta yi kwalliya ta fito, sai aka ce Shane ba ta zuwa. Mutane da yawa sun ce zalunci ne, ni ma na ji zafinsa, amma ban yarda cewa kuskuren rubutu ne ba. Shane, mai gyaran gashi, ta tashi a hannun masu riƙo, ba ta san zaman gida ɗaya ba, kuma tun kashin farko an nuna ta a matsayin wadda ba ta kwana biyu a wuri guda. Ta riga ta ci amanar Carmen sau ɗaya a wannan zango. Ana gab da biki sai ga mahaifinta da ta daɗe ba ta sani ba ya bayyana, ta fara murnar ta samu uba, sannan ta kama shi yana shirin tserewa da wata mace ya bar matarsa, ya kuma nuna mata cewa ita da shi jirgi ɗaya ya kwaso su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da ya shiga kanta ke nan. Ta gudu ne saboda ta gaskata mummunan zaton da take yi wa kanta. Inda zan ɗora wa marubutan laifi shi ne bayan nan: an cire Carmen daga labarin, ba a ba ta ko fitowa ɗaya ta faɗi abin da ke ranta ba. An bar mu da ciwon wadda ta yi laifi, an hana mu na wadda aka yi wa.

Yanzu ga inda zatonki na biyu ya yi daidai. Alice da Dana, 'yar wasan tanis, aminai ne da aka shafe zango biyu ana gina yadda amincinsu ya rikiɗe ya zama soyayya, kuma masu kallo sun ƙaunace su. Sai aka buɗe zango na uku da tsallake wata shida, aka ce mana ai sun rabu, Dana ta koma wurin tsohuwar masoyiyarta Lara mai dafa abinci. Rabuwar da ta fi kowace buƙatar a gan ta, a bayan labule aka yi ta. Maimakon haka aka ba mu Alice tana haɗiyar ƙwayoyi, tana bibiyar Dana a mota, ta ajiye hotonta mai tsayin mutum a ɗaki, duk cikin sigar ban dariya. Wannan ha'inci ne ga mai kallo: an karɓi kuɗinsa na shekara biyu, an hana shi kayan. Daga nan aka ɗora wa Dana cutar kansar mama, ta mutu a wannan zango. Fitowar mutuwar kanta an yi ta da kyau, ba zan ɓoye ba. Alice da ta kwana tana jinya ta ɗan fita ta sha iska, ta tsaya a kantin asibiti ta sayo wata 'yar furen roba mai waƙa, ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa, furen yana ta waƙarsa a hannunta. Wanda ya taɓa jinya ya san wannan 'yar fitar ta minti kaɗan da mutum yake zargin kansa da ita har abada. Amma kyan fitowa ɗaya bai biya asarar ba, kuma ita kanta Chaiken ta bayyana daga baya cewa ta yi nadamar kashe Dana.

Fushin da masu kallo suka yi yana da tarihi, kuma shi ne tushen zatonki na farko, don haka ba ke kaɗai kika taɓa yin sa ba. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood ta yi aiki a ƙarƙashin ƙa'idar tace fina-finai da ake kira Hays Code, wadda ta hana nuna irin wannan rayuwa a fili. Ko bayan an sassauta, al'adar da ta rage ita ce duk inda irin waɗannan mutane suka fito a labari, ƙarshensu mutuwa ne ko hauka ko kaɗaici. To ga shiri ya zo wanda kusan shi kaɗai ne irinsa a talabijin a lokacin. Duk rabuwar da ya nuna, masu kallonsa ba sa ɗaukarta labarin mutum biyu, suna ɗaukarta hukunci a kansu duka. Shirin da ke ba da labarin miji da mata ba ya ɗaukar wannan kaya, saboda in wannan aure ya mutu akwai ɗari a wasu tashoshi da suke raye. Marubutan The L Word sun tsinci kansu tsakanin buƙatar sana'a, wadda ke son rikici, da buƙatar masu kallo, waɗanda ke son su ga ko sau ɗaya an zauna lafiya. Ba kullum suka iya riƙe biyun ba.

Zangunan ƙarshe ba sa buƙatar dogon bayani. Bette ta samu Jodi, kurma mai sassaƙa wadda Marlee Matlin ta fito a matsayinta, mace ta farko da ta iya tsaya mata ido da ido, sannan ta ci amanarta da Tina. Akwai ma'ana a ciki, tunda hali zanen dutse ne, sai dai an riga an san inda za a sauka. Zango na shida mai kashi takwas kuwa ya watsar da komai ya koma tambayar wa ya kashe Jenny, marubuciya kuma ɗaya daga cikin ƙawayen, wadda aka tsinci gawarta a kududdufin wanka na gidan Bette da Tina, kuma aka rufe shirin ba a amsa ba. Haɗa Jenny da Shane soyayya a wannan zango alama ce ta allon Alice ya cika, ba sauran layin da ba a ja ba. Da aka dawo da shirin a ƙarshen 2019 da sunan Generation Q, sai aka tarar Bette da Tina sun yi aure sun kuma rabu a tsakanin shekarun da ba mu gani ba, aka sake jan zaren har zango uku, aka rufe da ɗaurin aurensu a farkon 2023. Shekara 19 ana raba mutum biyu ana haɗa su, kuma ba a bar su sun zauna ba sai ranar da ba sauran kashi na gaba da za a ciyar.

Na taɓa jagorantar wani zaman gyaran labari inda wani matashi ya kawo shiri mai kashi 13. A kashi na tara miji ya saki matarsa. Na tambaye shi dalili, ya ce labarin ne ya yi sanyi. Na ce ya buɗe kashi na ɗaya ya nuna min layi guda, ko kallo guda, da zan iya komawa gare shi in ce ashe tun nan abin ya faro. Ya yi ta juya takardu, bai samu ba. Muka koma muka sa mijin ya zama mai yanke shawara shi kaɗai tun a fitowar farko, a kan abu ƙarami, kuɗin cefane da ya rage bai faɗa mata ba. Da muka sake isa kashi na tara, ba wanda ya tambayi dalilin sakin.

Haka nake so ki yi da aikinki. Ɗauki rabuwa huɗu: Bette da Tina a zango na ɗaya, Alice da Dana, Shane da Carmen, sai Bette da Jodi. A kan kowacce ki koma baya ki nemo fitowar farko da aka shuka ta, ki rubuta lambar kashin da abin da aka yi ko aka faɗa. Sannan ki duba ko an nuna rabuwar a gaban idonmu ko labarinta aka ba mu, ki kuma duba wanda aka bari da kyamara washegari, mai laifin ko wadda aka yi wa. Za ki tarar shafin Bette da Tina ya cika har ya tumbatsa, na Shane da Carmen yana da abin kamawa, na Alice da Dana kuwa kusan fari fat. In kin gama ki turo min in gani, musamman abin da kika samu a kan Jodi, domin ita ce har yanzu nake ganin an fi kowa zalunta a rubutun nan.